Ɗakin cikin talabijin da ɗakin da ake kwana a ciki

Ni dai sana'ata gyaran ɗaki ce, ɗan ƙaramin shago gare ni a nan cikin Katsina wajen Ƙofar Ƙaura, muna ɗinkin labule muna jeren amare, in aikin ya haɗa da fenti ko POP ko na katako akwai mutanena da nike kira mu yi tare. Da keken ɗinki guda na fara a tsakar gidanmu, labulen ƙofa da zanen gado kawai nike yi ma 'yan unguwa, yanzu alhamdulillahi yara mata ukku ke ɗinki a shagon, ga yaro guda mai ɗaukar awo da ɗaura labule, ga kafintanmu, ga kuma Baba mai fenti wanda tun ban san hannuna na dama ba yake riƙe da buroshi.

Akwai 'yar talabijin da na maƙala a bangon shagon don masu jira, toh ita ce ta koma mana majalisa. Da an sa shirin nan na Turawa da ake gyara ma mutane ɗaki a rufe masu ido sai an gama a buɗe, wallahi kekuna tsayawa suke, kowa ya saki abin da yake yi. Kuma ban taɓa ganin ranar da bakinmu ya zo ɗaya a kan ɗaki guda ba. Ƙaramar cikin yaran ita komai fari ne ya yi mata, farar kujera farin kafet farin labule, sai ta dafe ƙirji ta ce Anti don Allah kalli, kaman a aljanna. Yaron awo shi fitilu yake ƙirgawa. Baba ba ruwanshi da kyau, kusurwa yake kallo, inda fenti ya haɗu da silin, in an wuce da kyamara da sauri ya ce sun ɓoye wani abu a nan. In kuwa aka yi sa'a akwai wata Hajiya zaune tana jiran labulenta, tambayarta ba ta wuce biyu, ina baƙi za su zamna in an yi haihuwa, kuma wa zai share wannan tarkacen kullum.

Akwai wani tsohon shiri na Amurka, Trading Spaces, da aka fara a 2000 a tashar TLC, shi ma daga wani na BBC a Ingila aka kwaikwayo shi mai suna Changing Rooms wanda ya fara a 1996. Yaron shagon ne ke nemo mana tsofaffin a YouTube. Tsarinshi maƙwabta biyu ne za su yi musayar makulli, kowa ya gyara ɗaki guda a gidan ɗan'uwanshi tare da mai zane, kwana 2 kacal, kuɗi dala 1,000, kuma mai ɗakin ba shi da ta cewa sai an gama. A ciki muka ga inda wata mai zane ta shafa gam ta manna busasshiyar ciyawa a bangon falon mutane. Ranar shagon ya kaure da gardama, ɗaya cikin yaran ta ce ai fasaha ce mu ne ba mu waye ba, Baba ya girgiza kai ya ce ɗiyata mu nan ciyawa cikin ƙasa ake cuɗa ta a yi gini ya shekara ɗari, ba a manna ta a waje ta zama gidan kunama. Muka kuma ga wata mata da aka buɗe mata falonta ta ga an rufe mata murhun jin ɗumin da ta roƙa kar a taɓa, ta fita tana kuka. Yaran suka yi ta dariya, ni ban yi ba, don na taɓa tsayawa gaban mace a irin wannan halin, zan zo kan labarin.

Shekarun baya kwastoma kan zo ta ce irin labulen gidan wance nike so, mu je gidan wancen in gani da idona in taɓa yadin. Yanzu waya ake miƙo mani, an ɗauki hoton talabijin ko an yanko bidiyo daga TikTok, Anti irin wannan sak. Ba na raina hoton ko kaɗan, yana nuna mani abin da zuciyar mutum ke so, amma akwai abubuwan da kyamara ba ta faɗa kuma ni ce dole in faɗa tun kafin a ba ni kuɗi.

Ƙura ce ta farko. Wanda ya yi hunturu a Katsina daga Disamba zuwa Fabrairu ya san ko ka rufe taga ka toshe ƙasan ƙofa da tsumma, da safe sai ka rubuta sunanka da yatsa a kan tebur. Farar kujera ta yadi mai gashi-gashi a nan wata guda ta yi yawa ta koma kalar ƙasa, balle gidan da ke da yara masu shigowa da hannun miyar kuka. Shi ya sa nike tura mutane wajen ruwan toka mai haske ko ruwan madara mai ɗan duhu, da yadin da ake cire rigarshi a wanke, kuma fentin falo a sa mai ɗan santsi wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. Ga zafin bazara, Afrilu da Mayu ana haura digiri 40, wannan ƙatuwar tagar gilas daga sama har ƙasa da suke nunawa in ta kalli yamma, da la'asar ɗakin tanda yake komawa, wuta kuma ba kullum ba balle a ce AC zai rufa asiri.

Sai maganar fasa bango, wadda ta fi cinye mani yawu. A shirin za ka ga mai gida ya ɗauki guduma yana dariya ya buga bango sau ukku ya zube, an haɗe kicin da falo. Nasu bangon cikin gida katako ne aka jera aka lulluɓe da allon jifsom, namu bulo ne inci 6 ko inci 9 da siminti, wani ma shi ke ɗauke da rufi ko kankaren bene, ka taɓa shi ba tare da injiniya ya duba ba ka jawo ma kanka abin da ya fi ƙarfinka. Ko da ma zai fasu, sai in tambayi matar, Hajiya in abokan Alhaji suna falo ke kuma kina soya tattasai da daddawa da ɗan zanenki na aiki, ya za a yi? Yawanci nan maganar ke mutuwa, ita da kanta take cewa a bar mata bangonta.

Lokaci ma haka. Su a minti arba'in an gama ɗaki, akwai wanda ma ake rushe gida gaba ɗaya a tada sabo cikin kwana 7 a ajiye ƙatuwar bas a gabanshi sai masu gidan sun zo a janye ta. Ba a nuna maka ɗaruruwan ma'aikatan da ke kwana a wurin. Mu POP in an zuba sai ya sha iska ya bushe sosai kafin fenti ya hau, sikiridin ma, wato shafen da ake ma bango ya yi sumul kafin fenti, sai ya bushe a goge shi da samfefa, a watan Agusta da ruwa ke sauka kullum abin da ke bushewa a kwana biyu da rani sai ya ci mako. In ka matsa ma Baba ya shafa a kan danshi zai shafa maka bayan ya gaya maka gaskiya, wata ukku fentin ya kumbura ya fara ɓarewa kaman ɓawon albasa, kuma sunana ne zai ɓaci ba na talabijin ba. Fefar bango ita ma in ginin na tsotso ruwa daga ƙasa ba gam ɗin da zai riƙe ta.

Toh labarin da na ce zan zo kanshi. Wani matashi ne ma'aikaci ya zo shagon, matarshi ta yi haihuwar fari ta tafi wanka gidansu a Daura, kwana arba'in, ya ce Anti so nike kafin ta dawo a juya ɗakin ga gaba ɗaya, irin na shirin nan, in rufe mata ido a ƙofa in buɗe, ke kuma ki ɗauka mana bidiyo. Niyyarshi mai kyau ce wallahi, son matarshi yake kuma ya kashe kuɗi ba kaɗan ba. Ni kuma na hango aikin da zan nuna ma duniya, na amshi makulli. Muka kwashe kujerunta da gadonta da kabet ɗinta muka jibge a wani ɗaki na baya, aka yi sabon silin da fitilu a ɓoye, bango guda ruwan toka mai duhu, kafinta ya buga wajen talabijin na katakon MDF, na ɗinka labule mai ninki biyu tun daga silin har ƙasa. Ɗakin ya yi kyau, har gobe ina faɗa.

Ranar da ta dawo tare da gwaggonta suka zo, jaririn na hannun gwaggon. Ya rufe mata ido da tafin hannunshi yana ta murmushi, ni ina gefe riƙe da waya. Ya buɗe. Ta kalli sama ta kalli bango, ta juya ta kalli kusurwar da kabet ɗinta yake a da, sai ta ce a hankali, ina kayana? Ba ta ɗaga murya ba, hawaye kawai suka zubo. Gwaggon ce ta juyo gare ni ba ma gare shi ba, ta ce ke ɗiyar nan ba ɗiyar Hausawa ba ce? Kayan ga ubanta sai da ya sai da shanu ya yi mata su, tasoshin cikin kabet ɗin na kakarta ne, mu muka zo muka jera da hannunmu, wa ya ba ku izini?

Na sauke wayar, ban da amsa, don gaskiya ta faɗa. Ni da ke jeren amare shekara da shekaru na fi kowa sanin cewa gida na miji ne amma kayan ɗaki na mace ne, iyayenta ke yi mata, gado da kujeru da kwanoni duk dukiyarta ce, shi ne mutuncinta gaban dangin miji, in wani abu ya faru su za ta kwasa ta tafi da su. Ni ma haka aka yi mani. Sanin bai hana ni ba saboda idona na kan bidiyo. Maganar sai da ta kai ga manya, don a can an ɗauka raina kayan aka yi. Kwana biyu muka yi muna maido komai inda yake, kuɗin lebura daga aljihuna, gilashin kabet guda da ya tsage wajen ɗauka na canza shi, na je har gabanta na ba ta haƙuri. Silin da labulen ta ce a bar su tana so, bangon mai duhu ta ce yana sa mata ƙunci da jariri, Baba ya maida shi ruwan madara, sai da ya yi shafa ukku kafin duhun ya ɓace.

Tun daga ranar ko nawa namiji zai ba ni ba na taɓa ɗakin mace sai na zamna da ita. In ya ce so yake ya ba ta mamaki sai in ce ƙanena ka ba ta mamaki da kuɗin, kala ita za ta zaɓa. In na shiga gida kuma kafin in fiddo tef ɗin awo tambaya nike fara yi, ku nawa ke kwana a nan, a ƙasa ake cin abinci ko a tebur, ina gabas take don a bar wajen shimfiɗa darduma ba sai an ja kujera ba, akwai tsohuwa mai zuwa ta kwana biyu wadda ba ta hawa kujera sai tabarma, wane kaya ne ba a taɓawa. Da yawa ba su son hoton mai rai a bango, sai mu sa rubutun ayoyi ko zanen dagi, wata ma faifai da ƙwarya masu zane muka jera mata kuma duk wanda ya shiga sai ya tanka.

Ba wai ban ƙaru da shirye-shiryen ba, na ƙaru sosai. A nan na koyi ɗaga sandar labule kusa da silin don ɗaki ya yi tsawo a ido, da shafa kala biyu ko ukku a jikin bango a bari a gani da safe da kuma dare kafin a sayi bokitin lita 20 a zo ana da-na-sani. A nan na ga ana manna tef a ƙasa a zana girman kaya kafin a saya, yanzu haka nike ma iyayen amarya, don ɗaki 12 by 12 in aka sa gado 6 by 6 da wadrob da madubi, da ƙyar ƙofa ke buɗewa, amma uwa ba ta yarda sai ta ga tef ɗin a ƙasa da idonta. Rage kaya dai har yau yaƙi ne, 'yan jere in ba su ga ɗaki ya cika taf ba gani suke an yi ma ɗiyarsu rowa, toh a nan lallashi nike, a jera rabi a adana rabi.

Wahalar sana'ar yanzu farashi ne. Yadin labule daga Kantin Kwari nike saro shi a Kano, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota da na kaya ba su zama wuri guda, in na yi ma mutum lissafi sai in ce mashi na mako guda ne, kuma sai an ba da kuɗin kaya kafin in tashi. Wasu na jin haushi, amma gara haka da in amshi aiki in bar shi rabi.

Matar nan ta Daura, bara ta kira ni da kanta, ƙanwarta za a aurar nan Katsina tana so ni zan yi jeren. Da na je gidanta amsar kuɗin yadi na tarar kabet ɗin na nan a kusurwarshi, ta sa kafinta ya saka mashi 'yar fitila a ciki tana haska tasoshin kakar, yaron da aka zo da shi a hannu yana ta zagaye falon da gudu. Ta kawo mani fura, muka baje samfurin yadudduka a kan kafet ita da ƙanwar suna ta musu a kan ruwan zuma da ruwan ganye, aka kira Mamansu a waya ta ce ruwan zuma, amarya ta ce ita ganye take so, na rubuta ganye.