Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Fijon Baba a Tafin Hannu

Makon jiya na tsaya ne a ranar da Baba ya sayar da motarsa, ya dawo gida bayan la'asar a ƙafa, bai ce wa kowa uffan ba sai da aka yi sallar isha'i. Yau zan tsallake shekara goma sha biyar, domin sai a 2009 maganar motar nan ta sake tasowa, a gaban wani mai gwanjon kayan wasan yara a kasuwar Sabon Garin Zariya.

Takalmin makaranta na je saya wa babbar 'yata. Mutumin ya zube kayansa a kan buhu, an yamutsa su kamar tsintar bola, sai idona ya faɗa kan wata 'yar mota a kife. Ko a kifen na gane ta. Wanda ya tashi a gidan direban Fijo ba ya buƙatar ganin zakin da ke gabanta, karyewar nan ta murfin but kaɗai ta ishe shi. Na ɗauka, na ji nauyi a hannuna, ashe ƙarfe ce ba roba ba. Fenti ya goge, gilashin gaba ya tsage, taya ɗaya babu. A ƙarƙashinta an rubuta Norev, sannan Peugeot 504, sannan 1/43. Ban yi ciniki ba, abin da ya faɗa shi na miƙa masa.

Daga baya na san cewa Norev kamfani ne na ƙasar Faransa, kuma sunan 'yan'uwan da suka kafa shi ne, Véron, aka karanto daga ƙarshe. Amma abin da ya hana ni barci a daren nan shi ne lambar 1/43. Ma'anarta an ɗauki kowane tsawo da faɗi na motar gaske an raba shi gida arba'in da uku. Na ɗauko rular yara na gwada, santimita goma da ɗan ɗoriya. Na ninka sau 43, sai ga mita huɗu da rabi, tsawon 504 salun ke nan. Na daɗe zaune da rular a hannu.

Ni fa ba baƙon ƙera mota ba ne. Kun tuna a kashi na uku na ba ku labarin yadda muke feƙe sillen kara mu haɗa gingimari, da yadda muka girma muka koma motar langa-langa, muna yanka tsohon silifas mu yi taya, mu lanƙwasa doguwar waya ta zama sitiyari. Ni ne gwanin layinmu a Tudun Wada. Sai dai duk motar da muka yi da ido muka auna ta: in taya ta yi girma, to ta yi. Ranar nan na fara sanin akwai masu wannan aikin da ba su yarda da ido kaɗai ba, sai da ma'auni. Ƙaramar mota a wurinsu amana ce ta babbar.

Matsalar ita ce motar Baba ba salun ba ce. Wagon ce mai layi uku na kujeru, irin waɗanda suka riƙe hanyar Zariya zuwa Funtuwa, Gusau har Sakkwato. An haɗa ta a Kakuri, a masana'antar Peugeot ta Kaduna da ta fara aiki a 1975, kuma Baba yana alfahari da hakan kamar shi ya ɗaura mata kusoshi. Hotonta ɗaya ne a gidanmu, shi ma rabinta ya fito, ragowar jama'a sun tare ranar wani suna. Na ƙudurta a raina sai na mayar da wannan 'yar salun ta zama ita.

Na samu wata tsohuwar wagon da aka jingine a garejin wani abokina bakanike, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta. Asabar uku ina zuwa da tef da littafi. Tsawonta mita 4.80. Daga tsakiyar tayar gaba zuwa ta baya mita 2.90, alhali ta salun 2.74 ce. Bambancin santimita 16 ke nan, in aka raba da 43 bai cika milimita huɗu ba. Yaran garejin suna kallona suna mamaki, magidanci da gemunsa ya durƙusa yana auna mushen mota. Ban damu ba. Milimita huɗun nan su ne tsakanin motar Baba da motar wani.

Aikin ya fara da rabuwa. Irin waɗannan motoci ba da kusa mai warwaruwa ake haɗa su ba, ƙarfen bodin ne ake dannewa ya kama ƙasan, sai an huda kan da ƙaramin abin huji kafin su saki. Na cire kujeru da gilas, na jiƙa bodin a maganin cire fenti har ƙarfen ya fito fari fat. Ƙarfen kuwa ba irin na langa-langa ba ne. Gauraye ne da akasarinsa zinki, zuba shi ake yi a mazubi, saboda haka ba ya lanƙwasuwa, karyewa yake yi. Na koyi wannan da tsada, domin na matsa sandar da ke tsakanin ƙofofi da filaya, ta ɓalle a hannuna. Kwana biyu ban taɓa aikin ba don takaici.

Da na dawo sai na bi a hankali. Na yanke bayan motar da siririn zarto, na raba ƙasan gida biyu na ƙara masa tsawo. Sabon rufi kuwa, a nan hannun yarinta ya yi mini rana: gwangwanin madara na fasa, na miƙar, na yanka, na buga a kan katako har ya ɗauki ɗan tudun nan da rufin wagon ke yi ta baya. Wani fanalbita ya ɗebo mini foti, abin da suke cike ramin bodi da shi, a murfin kwalba, na cike gaɓoɓin, na bi da sanfefa mai laushi da ruwa. In shafa, in goge, in ɗaga wa hasken fitila, in ga rami, in sake. Wannan kaɗai ya ci mini wata guda. Gilasai na yanka su daga farar ledar kwalin sabuwar riga. Kariyar sama kuwa, wato ƙarfen ɗora kaya a kan rufi, da silin wayar wuta na saƙa ta, saboda bututun da ya kai kaurin santimita biyu a motar gaske, a nan rabin milimita ne.

Fenti shi ya fi ba ni wuya, kuma duk mai son shiga wannan harka ya ji da kyau. Abin da ya kai kaurin milimita ɗaya a jikin ƙaramar, a babbar ya haura santimita huɗu. In ka labta fenti da kauri, layin ƙofa da mariƙinta duk sun nutse, mota ta koma kamar sabulu. Sai shafi siriri, a bari ya bushe, a ƙara. Ga shi lokacin hunturu ne, ƙura tana sauka a kan ɗanyen fenti kamar an barbaɗa gari. Sau biyu ina kankarewa. A na uku na tashi bayan asuba, na yayyafa wa tsakar ɗaki ruwa, na fesa, na kife bokiti a kai. Ta fito fara sol, irin farin motar Baba.

Wata biyar cif. Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na naɗe ta a hankici na tafi gida. Baba yana zaure a kan buzunsa, lokacin idonsa ya fara rauni. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ga wani abu na kawo ku gani."

Ya karɓa, ya matso da ita kusa da fuskarsa, ya juya ta, ya bi rufin da ɗan yatsa. Ya ɗora ta a kan tabarma, ya sunkuya yana kallonta ta gefe. Can ya ce, "Aiki ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Amma wannan motar Bature ce."

Gabana ya faɗi. Na ce, "Baba, ina na kuskure?"

Ya ce, "Dubi yadda ta zauna daram, gaba da baya ɗaya. Tawa ba ta taɓa zama haka ba. In babu kowa a ciki bayanta a sama yake, don sifirin huɗu ne a baya, biyu kowane gefe. In kuwa an yi lodi a tashar Kwangila, mutane sun cika, buhuna a kariya, sai ta durƙusa kamar raƙumi. To kai wacce ka yi, wadda za ta tafi ko wadda ta dawo?"

Na rasa amsa. Na auna ƙarfe, na manta da abin da ƙarfen ke ɗauka.

Daga nan bakinsa ya buɗe, mutumin da shekara goma sha biyar bai ambaci motar nan a gabanmu ba. Ya ce ƙofar baya ta hagu tana da loɓawa, wata saniya ce ta buge ta kusa da Tsafe. Ya ce madubin dama ba nata ba ne, na wata motar aka ɗaura. Ya ce a gilashin baya an rubuta "Haƙuri maganin zaman duniya" da koren fenti, kuma akwai butar alwala da kullum ke ɗaure a kusurwar kariya. Inna ta leƙo daga cikin gida ta ce, "Malam, ka manta jan ƙyallen da na ɗinka wa kujerar gaba." Ya ce, "Ban manta ba, zuwa nake yi." Ni kuwa ina ta rubutawa a bayan takardar da na samu a aljihu, har ta cika.

Da zan tafi na tambaye shi ko in yi ta da lodi ko babu. Ya yi shiru, ya sake ɗaukarta. Ya ce, "Yi ta da lodi, tana shirin tashi. Amma kada ka sa mutum-mutumi a ciki. Ka bar kujerar direba haka nan."

Na mayar da ita cikin hankici. A daren nan na sake huda ƙasanta, na fara sassauke tayoyin baya.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za ku ji yadda na yi buhunan masara da ba su kai ƙwayar wake ba, da kuma ranar da wani tsohon ɗan kamasho ya gan ta ya kira sunan Baba tun kafin in buɗe baki.