Daga Kano zuwa Bakin Mayo Kam

A watan Janairu muka tashi, lokacin da hazo ya lulluɓe Kano har ba a hango Dala sosai. Muka fita ta Mariri da asuba, Wudil, Gombe, Numan, muka kwana a Jalingo. Washegari muka bi ta Bali har Serti, inda ake shiga gandun dajin Gashaka Gumti. Shi ne mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000 tsakanin Taraba da Adamawa, kuma tun 1991 yake hannun gwamnatin tarayya. Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan da mita 2,419, yana can gefensa a kan iyakar Kamaru.

Ni dai kogin ne ya kai ni. Mayo Kam daga waɗannan duwatsu yake gangarowa, kuma da rani ruwansa garau yake, kana tsaye a kan dutse kana ganin kifi yana yawo a ƙasa. Wanda ya tashi yana jiran mai kura ya kawo masa jarka a lungun Fagge, dole ya yi shiru a wurin. Ma'aikacin gandun da ya raka mu ya nuna mini busasshiyar ciyawa da karmami da suka maƙale a reshe, sama da kaina nesa.

"Malam, nan ruwa yake kaiwa da damina," in ji shi. "Wurin da kake tsaye ɗin nan, ko giwa ba ta isa ta tsaya ba."

Rani ne yake tara dabbobi a bakin ruwa. An ƙona ciyawa tun farkon kaka, sabon tsiro ya fito kore a cikin toka, gwambaza da gadu suna bin sa. Gwaggon biri kuwa garke guda, uwa da ɗa a maƙale a cikinta, suna tsallaka duwatsu ba su damu da mu ba. A wani gurbi mai zurfi muka tarar da dorina. Da farko kunnuwa da hanci kawai na gani, sai ta yi wani huci da ya sa na ja da baya. A kan yashi ga sawunta, yatsu huɗu, faɗinsa kamar faranti, ga kashin da ta watsa da wutsiya a jikin ganye. Da dare take fita kiwo, shi ya sa ma'aikacin ya ja mana kunne kada mu kuskura mu shiga tsakaninta da ruwa. Tsando ma ya yi mana aiki, musamman abokin tafiyata da ya sa shuɗiyar riga.

Biri mai ganga, wato chimpanzee, bai bari mun gan shi ba. Sheƙarsa muka gani a can sama, rassa ne ya lanƙwasa ya saƙa don kwanan dare ɗaya. Da hantsi muka ji shi daga cikin kurmi yana dukan saiwar bishiya yana ihu, sautin na ratsa kwari.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kututturen madobiya da na riƙa gani a hanya kafin mu iso, ragowar saran da aka yi wa dazukan Taraba don fitar da katako waje. Kurmin da ke kan duwatsun nan shi yake riƙe ruwan damina yana sakinsa a hankali, ya shiga kogin Taraba, ya faɗa Binuwai. In aka sare shi, masunci da mai noman rani a can ƙasa su za su fara ji a jikinsu, tun kafin dorina.

Mun fito da wuri saboda nisan hanya. Ma'aikacin ya ce duk mai son zuwa ya zo tsakanin Disamba da Maris, don da ruwa ya sauka koguna sukan cika, mota ba ta iya tsallakawa zuwa ƙauyen Gashaka.