Tsakanin kyamarar aljihu da mai dogon zum: yadda na yi zaɓi a Kumasi

Duk wanda ya shiga shagunan kayan lantarki na Adum neman ƙaramar kyamara, abin da ake fara nuna masa shi ne lambar da ke jikin kwali: 30x, 40x. Mai shago zai ɗaga ta ya saita tsallaken titi, ya jawo maka allon wani shago har ka karanta lambar wayar da ke jiki. Wannan wasan yana sayar da kaya, kuma ba ƙarya ba ne, kyamarar tana yin abin da ka gani. Sai dai da rana tsaka ake nuna maka, a bakin titi, lokacin da hasken Allah ya wadata. Babu mai kai ka cikin ɗaki ya rufe ƙofa ya ce gwada a nan.

Ni tela ne a Aboabo, aikin wuyan riga da na aljihu shi ne sana'ata. Hoto ya shigo mini ta hanya biyu. Masu ba ni ɗinki daga Accra da Tamale, har da 'yan uwa da ke Jamus da Amurka, suna son ganin aiki kafin su turo kuɗi. A gida kuma an riga an naɗa ni mai hoto ba tare da shawarata ba: suna, ɗaurin aure, saukar karatu, addu'ar arba'in, sai ka ji an ce a kira wane. Wayata tana ƙoƙari, amma idan na ɗauki aikin zare sai ta goge shi ya yi sumul kamar fenti, ga kira yana shigowa daidai lokacin da amarya ta fito.

Kuɗin hannuna na kyamara guda ne, kuma ta hannu, ba sabuwa ba. Babba mai canjin gilashi ban ma sa ta a lissafi ba, don na san halina, abin da bai shiga aljihun riga ba a gida zai kwana. Sai zaɓi ya tsaya tsakanin iri biyu da a ido kusan girmansu ɗaya. Akwai masu dogon zum irin su Panasonic Lumix TZ90 ta 2017, mai zum 30x, da Canon SX740 HS ta 2018, mai 40x. Akwai kuma masu gajeren zum amma babbar sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, irin su Sony RX100, wadda ta fara fitowa a 2012, da Canon G7 X Mark II ta 2016.

Ɗan kawuna yana da TZ90, shi ne ya ba ni aro. Mutumin ƙungiyar ƙwallo ta Kotoko ne na gidi, don filin Baba Yara ma ya saye ta. Muka je wasa tare, muna can sama a kujerun talakawa, na jawo mai tsaron gida har ina ganin gumi a goshinsa da ciyawar da ta manne a safar hannunsa. Gilashinta yana tashi daga 24 ya kai milimita 720, kuma 30x ɗin nan ba wani sihiri ba ne, 720 ne aka raba da 24. Ranar na koma gida na riga na yanke shawara a raina.

Sallah ta zo tana hannuna. A gangara, wato hawan Sallah na sarakunan Zongo, ma ta yi rawar gani, don cunkoson ranar ba ya barin mutum ya matsa kusa da sarakuna, ga dawakai ga 'yan babur. Daga kan barandar wani bene na samu rawani da kwalliyar doki da fuskar mai kalangu, hotunan da waya ba za ta taɓa ba ni ba. Amma a nan na fara gane wahalar dogon zum. Idan ka kai shi ƙarshe, numfashinka kaɗai yana kawar da mutum daga cikin hoto. Ka sauke ido ka ɗaga, doki ya wuce, sai ka janye zum ka nemo shi ka sake jawowa. Na'urar hana rawar hannu da ke ciki tana taimako, amma hannunka take riƙewa, ba ta riƙe dokin da ke gudu.

Abin da ya sauya mini lissafi sunan ɗiyar ƙanwata ne. An yi shi da sassafe bayan asuba, malamai a tsakar gida ƙarƙashin kanofi, mata a cikin ɗaki mai taga ɗaya da ƙwan lantarki guda. Hotunan da na ɗauko daga ɗakin nan, a fuskar kyamara suna da kyau. Da na buɗe su a kwamfuta sai ga fuskoki sun yi dishi-dishi kamar an watsa musu gari, lallen hannun maijego ya narke ya zama baƙin tabo, duk wadda ta ɗan motsa kai ta zama inuwa. Da na kunna filasha kuma goshi ya yi ƙyalli, bayan ɗaki ya yi baƙi ƙirin. Goggona ta duba ta ce, "Kai yaro, wannan ni ce ko aljana?"

Ba laifin wannan kyamarar ba ne ita kaɗai, haka jinsinsu yake duka, ko wane kamfani ya ƙera. Kafin a cusa zum mai nisan nan cikin abin da zai shiga aljihu, dole a ƙanƙanta sensa, wato farantin da haske ke sauka a kai ya zama hoto. Ta masu dogon zum ba ta wuce milimita 6.17 da 4.55 ba. Ta RX100 da G7 X kuwa 13.2 da 8.8 ce, girman filinta ya ninka wancan kusan sau 4. Dukansu megafiksel 20 ne ko kusa da haka, shi ya sa lambar megafiksel ba ta raba gardama. Kamar tarar ruwan sama ne: mai baho da mai kwano sun fito lokaci guda, ruwan ɗaya ne, abin da kowa zai shiga da shi ɗaki ne ya bambanta.

Sai ƙofar gilashi. TZ90 tana buɗewa zuwa f/3.3 idan ba ka jawo komai ba, idan ka kai ƙarshen zum ta tsuke zuwa f/6.4. RX100 ta uku tana farawa daga f/1.8 ta ƙare a f/2.8. Ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Tsakanin 1.8 da 3.3, hasken da ke shiga ya ninka sau 3 da ɗoriya, ka haɗa da bambancin sensa, ka ga dalilin da ɗaya take ganin cikin ɗaki ɗaya kuwa take lalube. Mu kuma a Kumasi, rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 duk shekara, kuma duhu ba ya jira. Da an yi sallar magariba shi ke nan. Rabin hidimominmu a wannan lokacin suke ɗaukar zafi.

Na zauna wani dare na bi hotunan wayata na shekarun baya ɗaya bayan ɗaya, ina tambayar kaina a ina nake tsaye lokacin da na ɗauki kowanne. Kusan duka, tsakanina da abin da na ɗauka bai wuce taku kaɗan ba: riga a kan teburin yanka, yara da allunansu a makaranta, tsofaffi a kan benci, tukunyar shinkafa da wake ranar biki. Filin ƙwallo da gangara suna nan, amma sau nawa a shekara? Na ga ashe ina shirin sayen kyamara ne don ranakun da ba su da yawa, in bar na kullum.

Ɗan kawuna bai yarda ba, kuma hujjarsa tana da ƙarfi, har yau ban ce ta faɗi ba. Ya ce, "Yaya, abin da ke kusa ai waya ta riga ta ɗauke maka. Idan za ka ɗauki kaya na biyu a aljihu, ɗauki wanda zai yi abin da waya ba ta iyawa." Gaskiya ne wayoyin yanzu suna haɗa hotuna da yawa wuri guda su fitar da mai haske ko da dare. Wanda yake da babbar waya mai tsada, kuma sha'awarsa tsuntsayen dajin Owabi ce, ko jemagun da ke rataye a itatuwan gidan zu, ko ya hango Otumfuo, sarkin Asante, a kan kujerarsa ranar bikin Akwasidae a fadarsa ta Manhyia daga bayan taro, to mai dogon zum ce tasa, kada ya saurari kowa. Ni wayata ba ta kai nan ba, kuma ko wayoyin da suka kai, na ga yadda suke yi wa zare da gashin ido. Abin da ake biyana kuɗi a kai shi ne a ga kowane ɗinki.

Akwai na tsakiya, na kuma duba su. Lumix TZ100 tana da babbar sensa da zum daga 25 zuwa 250, RX100 ta shida, wadda ta fito a 2018, daga 24 zuwa 200. Amma kowacce ta biya kuɗin nisan da haske: ƙofarsu daga f/2.8 take farawa, tana tsukewa da sauri. Ta Sony ɗin kuma farashinta ko ta hannu ya fi ƙarfina. G7 X na so ta, don zum ɗinta ya kai 100, sai na tarar 'yan TikTok sun ɗaga mata daraja, tsohuwa ana kiran kuɗin da ya kusa na sabuwa. Daga ƙarshe RX100 ta uku na ɗauka, ƙirar 2014, mai zum daga 24 zuwa 70 kacal. Abin da ya ƙara ja na gare ta ɗan madubin leƙe ne da ke fitowa daga samanta. A cikin hasken ranar Kumasi, fuskar kyamara ba ta ganuwa, sai ka kanga ido a wannan.

Sayen ta hannu yana da nasa karatun. Wani dattijo mai gyaran kyamara ne ya koya mini, bayan na gaishe shi na ce, "Baba, me zan duba kada a cuce ni?" Ya ce in tafi da tocila da katin ajiyata. A haska cikin gilashi daga gefe, idan aka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo, wannan fumfuna ce, damshin garin nan ne ke haifar da ita, a ajiye a yi gaba. Sannan a tsuke ƙofa zuwa f/8 ko f/11 a ɗauki farin bango, duk ƙurar da ta sauka a kan sensa za ta fito kamar ɗigon toka. Wannan ya fi damun masu dogon zum, domin duk fitar gilashi da komawarsa iska yake zuƙa, da hunturu kuma iskar ƙura ce. Tun da gilashin ba ya cirewa, share ta sai an warware kyamarar. Haka na ga wata a wani shago, jikinta fes kamar ba a taɓa ba, farin bango ya tona mata asiri. Mai shagon ya ce ai ba ya fitowa a hoton mutane. Na yi masa godiya na fita.

Tun da na fara aiki da ita, abin da ya fi ba ni wuya farar shadda ce. Baƙin mutum cikin farar babbar riga ƙarƙashin rana, kyamara takan rikice: ko ta ƙone rigar aikin wuya ya ɓace, ko ta tsare rigar fuska ta nutse. Na koyi in ja mutum zuwa inuwar bango, in rage haske kaɗan don zare ya tsira, sannan in ɗago fuskar a kwamfuta. A nan ne babbar sensa da ajiye hoto a tsarin RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta gyara ba, suke biyan kuɗinsu, don akwai abin ɗagowa a cikin inuwar. Jan kanofi kuma makiyin hoto ne, kowa a ƙarƙashinsa sai ya fito kamar mai zazzaɓi, gara a roƙi mutane su fito bakinsa.

Gajeren zum ya tilasta mini tafiya da ƙafa, kuma a Zongo ba a matsawa kusa da dattijo da kyamara sai an yi sallama an nemi izini. Da farko na ɗauka takura ce. Amma hoton wanda ya san ana ɗaukarsa ya gyara zaman hularsa ya fi karɓuwa a gida fiye da wanda aka sato daga nesa, mata ma sun fi sakin jiki idan sun san wa ke ɗauka kuma ina hoton zai je. Idan nisa ya zama dole, akwai 'yar dabara: in ɗauka a 70 in yanke tsakiya. Yanke rabin tsawo da rabin faɗi yana ba da kamar 140, megafiksel 20 ya koma 5, wanda ya ishi WhatsApp da wankin ƙaramin hoto. Ya wuce nan, sai haƙuri. Masu ɗinki kuwa a matsayin fayil nake tura musu, don idan aka tura shi yadda aka saba manhajar tana matse shi, zaren da na sha wahala a kai ya tafi.

Batirinta ƙarami ne, yinin biki ɗaya yana cinye shi, ga wuta ba ta da alkawari, don haka biyu nake yawo da su. Da damina a cikin roba mai murfi take kwana, tare da 'yan ƙullin nan masu shan damshi da ake samu a kwalin takalmi.

Ni da ɗan kawuna mun yi yarjejeniya. Ranar gangara ko babban wasa a Baba Yara, tasa muke fita da ita, ni ne ma mai roƙo. Da aka zo ɗaurin aurensa kuwa, tun ana saura mako ya aiko a gaya mini kada in kuskura in zo da wata kyamara ba tawa ba. Har yanzu idan muka zauna shan shayi cewa yake 70 ba zum ba ne.