Maigidana mai ɗanɗanar bango

Duk wanda ya taɓa ba mu aiki ya san abin da nake fara yi idan na isa gidansa. Ba na sauke gwangwanin fenti, ba na kafa tsani. Wurin bangon nake nufa, in shafa shi da tafin hannu, in ƙwanƙwasa, in ɗan kankare da farce in kai baki. Wasu su yi dariya, wasu su dubi yarana kamar suna tambaya ko lafiya. Lafiya lau, gado ne. Shagon nan namu na zanen bango da rubutun allo a Maraɗi, duk abin kirkin da ke cikinsa daga hannun mutum ɗaya ya fito, kuma yau shekaru da rasuwarsa ban ga an rubuta ko layi guda a kansa ba.

An kai ni wurinsa bayan yunwar 1984, wadda mutanenmu ke kira El Buhari. Rumbu ya ƙare, mahaifina ya baro ƙauye da mu, aka ce a nema wa yaro sana'a. Na tarar da dogon mutum siriri zaune a ƙasa, ya ba mu baya, ya zuba wa wani bango ido. Rigarsa ta yi tauri da fenti kala-kala. Mahaifina ya yi sallama sau biyu kafin ya amsa, bai ko juyo ba. Da ya juyo, hannuna ya kama ya duba yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Bar shi nan." Shi ke nan cinikin.

Mutanen gari na kwatanta shi da gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina lokacin da kowa ke tsanwa, ya yi ganye da rani lokacin da kowa ya bushe. Haka yake. Idan rana ta take tsaka ba ya taɓa buroshi, ko nawa za a ba shi. Da dare kuwa sai ka gan shi bisa tsani da fitilar ƙwai rataye a ƙusa. Yana magana da bango kamar da mutum. Akwai masu cewa taɓin hankali ne, akwai masu cewa iskoki. Ni da na kwana na tashi da shi shekara da shekaru, na san babu ko ɗaya. Mutum ne da abu guda ya cika wa zuciya tun yana ƙarami.

A tsohon gari aka haife shi, can ƙasa bakin gulbi, kuma yana yaro aka yi ambaliyar 1945, wadda ta ci garin har aka hau da shi tudu inda yake yanzu. Ya sha ba ni labarin ranar. Ba kukan mutane ya fi tsaya masa a rai ba, a'a, wani zaure ne mai zayyana da yake wucewa kullum, wanda ya ga yana narkewa daga ƙasa kamar sukari a cikin koko. Tun daga nan ya ɗauki ruwa a matsayin abokin gabar bango. Da ya tasa sai ya tafi Damagaram, ya zauna cikin magina a unguwar Birni, inda har gobe gidajen da aka yi wa ado a fuska suke tsaye. Can ya koyi fitar da dagi a kan ɗanyen yaɓe, da dafa makuba, wato ruwan shafe bango, daga ɓawon ɗorawa, da haɗa laso, yaɓen da ke hana ruwa shiga gini, da katsin marina da gashin jima da dafara. Lokacin da ya dawo, alhazan Maraɗi sun fara gina gidajen siminti da kuɗin gyaɗa da fataucin Najeriya, sai ya koma fenti, amma da idon magini.

To ɗanɗanon fa? Gishiri yake nema. Danshi kan taso daga tushen gini ya ɗauko gishiri da kanwar ƙasa, ya zo fuskar bango ya bushe, gishirin ya taru a ƙarƙashin fenti ya tunkuɗo shi. Shi ya sa za ka ga gida sabo fil, amma daga ƙasa zuwa gwiwa fentin ya kumbura yana zuba kamar ɓawon gyaɗa. Ido ba ya ganin wannan da wuri, harshe yana ji. Haka sabon siminti yana da wani zafi da ke cin fentin mai, sai ya yi aƙalla sati huɗu ya huce. Maigida yakan ce, "Wanga bango bai gama shan iska ba," ya naɗe tabarmarsa ya tafi, ko da an sa ranar biki. Ni ma haka nake yi har yau, kuma na rasa ayyuka da dama saboda shi. Mai gida yana gaggawa, ya kira wani ya shafa masa a kwana biyu, damina ɗaya ta wuce ya dawo yana neman in gyara. Gyaran kuwa ya fi aikin farko wahala, don sai an kankare komai.

Shekara biyu na yi ban zana ko da'ira ba. Wankin buroshi da kananzir, niƙa jar ƙasa a kan dutse har ta yi laushin kwalli, tace farar ƙasa da ƙyalle, riƙe tsani. Daga nan ya ba ni zare da garin shuni, in ja zaren in sake shi ya bar layi a bango. Layi dubu na buga kafin ya daina gogewa da gefen rigarsa. Buroshin rubutu da kansa yake ɗaurawa, gashin wutsiyar doki don manyan baƙaƙe, gashin akuya mai laushi don ƙanana, ya matse da guntun gwangwani. Bai iya karatun Faransanci ba, amma ko daga nesa ya dubi allo zai ce maka harafi na uku ya matse na huɗu, kuma in ka auna ka tarar haka ne. Ni da na ɗan zauna lakwal nake duba masa ƙa'idar rubutu, shi yana duba mini numfashin da ke tsakanin haruffa. Ajami kuwa ba a magana, alƙalaminsa na allo ne tun na tsangaya.

Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne sanya launi a kan ɗanyen yaɓen farar ƙasa. Zai yaɓe daidai abin da zai iya gamawa kafin ya bushe, ya bi da launin ƙasa da aka dama da ruwa kawai, babu mai babu danƙo. Idan farar ƙasar ta sha iska sai ta koma dutse, ta riƙe launin a cikin jikinta. Ba a gyara kuskure a irin wannan aiki, sai dai a fasa wurin a sake yaɓe. Sai da wayar hannu ta zo na san cewa Turawan Italiya da mutanen Meziko sun daɗe suna wannan, har suna da suna gare shi, firesko. Shi babu wanda ya faɗa masa, gwaji ne da haƙuri.

Akwai wani Alhaji mai manyan motoci da ya kira shi ya zana masa gingimarinsa a bangon gareji. Kwana uku Maigida yana zaune gaban bangon bai taɓa komai ba. Alhaji ya aiko, ya sake aikowa, a rana ta huɗu aka fara. Motar ta fito kamar ka murɗa makulli ta tashi, da bodin katako da kaya an ɗaure da igiya. Amma a ƙarƙashinta, cikin inuwa, ya zana yaron mota kwance bisa kwali yana barci, takalminsa a matsayin matashi. Alhaji ya zo ya duba ya ce, "Malam, aiki ya yi kyau, amma wanga yaro a cire shi, ba shi na biya a zana ba." Maigida ya ce, "Alhaji, ban taɓa ganin mota ta kai Kano ba da shi ba." Aka yi ta ja, aka sa baki, ya ƙi. Daren nan ya tashe ni, muka ɗauki bokitin farar ƙasa, ya shafe bangon gaba ɗaya da hannunsa, da safe ya aike ni da kuɗin kafin alƙalami in mayar. Ina tafe ina hawaye, don aikin sati uku ne, kuma na san babu hatsi a gidansa.

Bayan shekaru na karanta labarin Diego Rivera, mai zanen bangon nan na Meziko da ya rayu daga 1886 zuwa 1957. A 1933 masu kuɗin gidan Rockefeller suka ba shi bango a birnin New York, ya sa fuskar Lenin, jagoran kwaminisancin Rasha, a ciki, aka ce ya cire ya ƙi, a 1934 aka farfashe zanen. Da na karanta sai na ajiye wayar na yi shiru, don na ga maigidana. A nan kam ban bi sawunsa ba. Ni tun kafin in ɗora buroshi nake zana wa mai aiki komai a takarda, mu yarda, sannan a fara. Ina da iyali da yara takwas a shago da ke jiran abin kai wa gida. Amma ban taɓa cewa ya yi kuskure ba, kuma ba zan ce ba.

Wani abin da ba a sani ba game da shi: mutum ne mai kiyaye zuciyar jama'a ta fuskar addini. Ya san da yawa a garin nan ba sa son hoton mai rai a gidajensu, kuma bai taɓa gardama a kan haka ba. Irin waɗannan gidaje yakan yi musu dagi da sarƙa da ganye da taurari, kuma a ganina nan ne ma hannunsa ya fi fita. Mu ma haka muke tambaya tun farko.

A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗin Faransa da ke kan sefa 50 ya koma 100. Fentin da ke zuwa daga Turai ya fi ƙarfinmu dare ɗaya. Shi ko a jikinsa, ya koma wa jar ƙasarsa da shuninsa. Mu matasa muka juya ga hanyar Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina da Kano. Akwai fenti mai kyau a can, ban musa ba, amma daga nan ne na fara sanin ciwon da nake fama da shi har yau. Ka sayi gwangwani a rufe, da tambari da komai, ka buɗe ka tarar an tsinka shi da kananzir, ko an cika gindin da alli. Ja ya fi kowane launi saurin mutuwa a ranar Maraɗi, to balle jan da aka yi wa algus, kafin bazara ta fita ya koma ruwan hoda. Da aka rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023, abin ya ƙara lalacewa, don kaya sun yi wuya kowa ya sayar da abin da ya samu. Yanzu duk gwangwanin da ya shigo shagona sai na shafa shi a guntun kwano na aza bisa rufi ya yi sati biyu a rana kafin ya taɓa bangon mutum.

Ga kuma masu buga allon talla a kan leda da kwamfuta. Ban ƙi na'ura ba, ɗana ma da ita yake tsara mana haruffa wani lokaci. Abin da ke ƙona mini rai shi ne mai butik ya zo ya ce, "Can an ce za a buga mini da rabin haka." In ce masa albarka. Ledar nan hunturu ɗaya iska ta yage ta, rana ta cinye launin, hoton da ke kai kuma na wasu mutane ne da aka kwaso a intanet, irinsa na rataye a shago goma. Allon askin da na rubuta da hannu, kan da ke jiki irin kan samarin unguwar ne. Taswirar Nijar da muke zanawa a bangon lakwal, da jihohinta takwas da tuta mai ruwan lemu da fari da tsanwa, yaran da suka koyi karatu a gabanta suna dawowa da nasu ƴaƴan su tarar da ita.

Da ya rasu, Maigida bai bar gida ba, bai bar gona ba. Akwatin ƙarfe ɗaya ya bari, cikinsa buroshi goma sha biyu da wani littafi da ya ɗinka da takardar buhun siminti, kowane shafi da shafen launi da bayanin haɗinsa da ajami. Yana wurina, kuma ina buɗe shi. Bangayensa yawanci sun tafi: wasu an rushe an yi bene, wasu an lulluɓe da tayil, wasu magada sun shafe. Mu da muka fito daga hannunsa mun watsu, akwai a Tasawa, akwai a Dakwaro, akwai wanda ya ƙetara Katsina. In ka ga aikin ɗayanmu, duba kusurwar ƙasa ta hannun dama, za ka ga ɗan reshen gawo. Alamarsa ce, bai taɓa rubuta sunansa a bango ba.

Watan jiya wata dattijuwa a Bagalam ta aiko jikanta ya kira ni. Zauren gidansu aikin Maigida ne, dagi babba da sarƙa kewaye da ƙofa, a kan ɗanyen yaɓe, ya haura shekara 40. Jikokin na so a shafe a sake sabo, ita ta ce a'a sai an kira yaronsa. Na je na shafa, na ɗanɗana. Bangon lafiyarsa lau, hayaƙi ne da ƙura, sai wata tsaga a sama inda indararo ya karye. Na ce mata, "Inna, wannan ba ya son fenti, wanka yake so." Mun gyara indararon, mun cike tsagar da farar ƙasa, muna bin sauran da soso da ruwa kaɗan-kaɗan. Jiya shuɗin ya fara fitowa. Saura gefen hagu, ranar Asabar za mu koma da yara biyu.