Tekun Accra a hunturu: ruwa a kwance, hanya a rufe

Daga Disamba zuwa Fabrairu tekun Accra kwanciya yake yi. Wanda ya tsaya a Jamestown ko Chorkor da sassafe zai ɗauka babu lokacin da ya fi wannan aminci ga mai kwalekwale, kuma ta fuskar igiyar ruwa bai yi kuskure ba. Manyan igiyoyin da ke dukan gaɓar Gana daga can kudancin Atlantika suke tasowa, inda guguwa ke kaɗa ruwa a lokacin sanyin can, wato Yuni zuwa Satumba. Idan muna hunturu su suna cikin zafi, guguwar ta lafa, igiyar da ke iso mana ba ta cika wuce mita ɗaya da 'yan kai ba. Mahaukaciyar guguwa mai juyawa kuwa ba ta tashi a ruwanmu, domin mun yi kusa da tsakiyar duniya, inda juyawar ƙasa ba ta da ƙarfin murɗa iska. A waɗannan watannin mutanen Madagaska da Mozambik ne ke kwana da ido ɗaya, su da guguwar Idai ta ragargaza wa birnin Beira na Mozambik a Maris 2019.

Namu ciwon hazo ne. Ƙurar da ke busar da leɓe a Nima da Sabon Zongo, da yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta. A yawancin ranaku iskar teku ce ke riƙe da bakin gaɓa, hunturun yana wucewa ta sama yana zubo ƙura. Amma akan yi kwanaki a jere da yake saukowa har kan ruwa, ido ya kasa ganin abin da ya wuce kilomita ɗaya. Masuncin da ya saba dawowa gida da hasumiyar Jamestown ko fitilun tashar Tema sai ya waiwaya ya ga fari fat. Rana ma ta zama jan faifai, ba ta nuna gabas sai ta yi sama.

Ga lissafin da ya kamata duk mai shiga ruwa kusa da Tema ya riƙe. Jirgin kaya mai gudun mil 15 na teku a awa yana cin kilomita ɗaya cikin minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi. Idan ganinka bai wuce kilomita ɗaya ba, iyakar lokacin da kake da shi ke nan daga hango shi zuwa isowarsa, ga taru a cikin ruwa, ga inji a kashe. Shi kuma ba lallai ya san da kai ba: kwalekwalen katako ba ya fitowa da kyau a na'urar rada ta manyan jirage. Maganin wannan ba shi da tsada. Farantan alminiyam da aka harɗe su suka yi kusurwoyi, a ɗaure a kan sanda sama gwargwadon iko, suna mayar da siginar. Tsayin sandar yana da muhimmanci ƙwarai. Wanda ya ajiye shi a gindin kwalekwale ƙarƙashin taru, da shi da babu duk ɗaya.

Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, GMet, tana fitar da hasashen teku, kuma akwai manhajoji irin su Windy a waya. Mutane da yawa tsayin igiya kaɗai suke dubawa su rufe. A hunturu shi ne abu na ƙarshe da zan ce a duba. Fara da nisan gani. A ganina, idan ya sauko ƙasa da kilomita 2, babu dalilin ratsa hanyar manyan jirage, komai kiran kifi.

Sai iska. Ana kiran iska da inda ta fito, ruwa mai gudu kuwa da inda ya nufa, kuma rikita waɗannan biyun yana ɓatar da mutum. Iskar arewa a Accra tura ka take yi cikin teku. Da asuba dama iskar tudu ke busawa zuwa ruwa, hunturu kuma ya ƙara mata ƙarfi, shi ya sa fita take daɗi: baya ake tura ka, kuma bakin gaɓa lumui yake domin iskar ba ta sami filin tayar da ruwa ba tukuna. Can ciki ne ruwan ke tsalle. Gudun iska ana rubuta shi da haruffan kt, mil ɗaya na teku a awa ke nan, kilomita 1.852. Daga 11 zuwa 16 farin kumfa ya yawaita a kan ruwa. Daga 17 zuwa sama kwalekwale mai kaya ya fara shan ruwa ta gefe.

Idan inji ya mutu a irin wannan rana, abu biyu ke aiki a kanka. Iska na kai ka kudu, ruwa mai gudu da ake kira ruwan Gini kuma gabas yake nufa, wajen Ada da Keta da Lome. Ko da gudunsa mil ɗaya ne a awa, dare mai awa 10 ya matsar da kai kilomita 18 da rabi. Don haka mai a raba shi uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓa shi. A tafi da fulogi na ajiya da abin kwance shi, da kamfas na hannu, da fitila, da usur. Waya a cikin leda, an riga an ajiye wurin sauka a taswirarta tun daga tudu. Lambar gaggawa 112 ce, mai rediyon jirgi kuma tasha ta 16. Ruwan sha a ƙara a kan na damina, domin busasshiyar iska tana shanye jiki ba tare da gumi ya nuna ba.

Tsayin igiyar da ake rubutawa a hasashe matsakaicin manyan ne, kashi ɗaya cikin uku da suka fi tsawo, kuma jefi-jefi ɗaya takan zo ta kusa ninka shi. Kusa da shi akwai lambar daƙiƙoƙi tsakanin igiya da igiya. Mita ɗaya mai daƙiƙa 8 wasa ce. Mita ɗaya mai daƙiƙa 15 a tsakiyar teku ba ka jin ta, amma da ta taɓa rairayi sai ta miƙe ta karye da nauyi, kuma a nan ne kwalekwale ke kifewa, a gaban masu jiran kifi. Manhaja ba ta ganin wannan sosai, domin lissafinta na faɗin kilomitoci ne, ba na bakin gaɓarku ba. A tsaya a ƙirga igiyoyi, a shiga bayan manyan sun wuce. Cikar ruwa sau biyu ce a yini, tana jinkirta kusan minti 50 kowace rana. Sauƙi ɗaya da muke da shi: agogon Gana daidai yake da GMT, babu ƙari babu ragi wajen karanta jadawalin cikar ruwa.

Masu sarin kifi zuwa Kumasi da Tamale su lura da zafin ruwa. Tsakanin Janairu da Fabrairu ruwan sanyi na ƙasan teku yakan taso sama na 'yan makonni, ya kawo abincin kifi, kifin amane ya ɗan samu. Bai kai na Yuli zuwa Satumba ba, kuma ba kowace shekara yake ƙarfi ba, saboda haka kada a zuba jari kamar babbar kaka ce.

Wajen ƙarshen Fabrairu zuwa Maris hazo ya fara washewa, hadarin farko na tasowa daga gabas. Iskarsa tana riga ruwan sama isowa, kuma cikin mintoci kaɗan take juya teku. Baƙin gajimare mai gindi a miƙe ta wajen Tema, a naɗe taru tun bai iso ba.