Hannuna a Kafaɗar Ɗana

Shekara da shekaru, duk lokacin da na kai wa ɗana ziyara, zaman falo nake yi. A kawo ruwa, a kawo abinci, a kunna mini talabijin, a tambaye ni mutanen gida in ce suna lafiya. Shi ya fita aiki da sassafe ya dawo a gajiye, matarsa kuma tana ta ɗawainiya da ni ba ta ko zama. Bayan kwana uku in ɗauki jakata in kama hanya. An karrama ni iyakar karramawa, amma da za ka tare ni a mota ka ce me ke damun yaron nan a kwanakin nan, ko me ke faranta masa rai, da ba ni da amsa. Abin ya daɗe yana ci mini rai, ban san ta inda zan ɓullo masa ba.

Ƙanwarsa ce ta ɓullo da hanyar, ba tare da ta san ina nema ba. Wata ziyara muka haɗu da ita a gidan, ita ma ta zo daga garin da take aure. Ranar Juma'a da daddare ta ce, "Baba, gobe babu aiki. Mu fita bayan gari mu hau dutsen nan mana, ka sha iska." Ina da shekara 68 a lokacin. Na ce to.

Yayan nata ya buɗe taswira a waya ya fara lissafi. Tafiyar kilomita 6 ce zuwa da dawowa, hawan kuma wajen mita 300. Ya ce akwai wata ƙa'ida da masu hawan dutse ke amfani da ita, wadda wani ɗan Sikotilan mai suna William Naismith ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane hawan mita 600. A wannan lissafin, tafiyarmu ba ta kai awa biyu ba. Sai ya ce ƙa'idar ta mai ƙarfi a jika ce wanda ba ya tsayawa hutu, don haka mu ware awa huɗu, mu fita da duku-duku mu sauko kafin rana ta take. Na san don ni ya ninka. Na ji wani abu ya ɗan soke ni a ƙirji, domin ni ne na saba yi musu irin wannan lissafi suna yara, ina rage sauri saboda gajerun ƙafafunsu. Na yi shiru.

Kuskurena na farko takalmi ne. Sabo na saka, wanda ban taɓa tafiya da shi ba. 'Yata ta duba ta ce, "Baba, da tsohon ka saka, ya riga ya san ƙafarka." Na ce ba komai. Ba mu yi rabin hawa ba na fara jin zafi a diddigen dama, na daure ban faɗa ba, har sai da ta lura ina ɗingishi. Ta zaunar da ni a kan wani fale-falen dutse, ta durƙusa, ta kwance igiyar, ta zare safar a hankali. Wurin ya yi ja, ya fara bororo. Ta share shi, ta bar shi ya sha iska, ta manna filasta, ta ciro busasshiyar safa daga jakarta. Tana yi tana bayani: guga da gumi ne ke kawo bororo, kuma da zarar ka ji wuri ya fara zafi, lokacin ne ake rufe shi, kafin ya tara ruwa. Ni kuwa kanta nake kallo daga sama, da 'yan yatsunta suna ɗaure mini igiya, irin ɗaurin da ni na koya mata a bakin ƙofa kafin ta tafi makaranta.

Ruwa ma sai da suka tsaya a kaina. Duk rabin awa ɗana zai miƙo gora ya ce, "Baba, kurɓi." In ce ba na jin ƙishirwa, ya ce ai shi ya sa, domin jin ƙishirwa yana raguwa idan mutum ya manyanta, jiki na iya buƙatar ruwa bai sanar da kai ba. Na karɓa na sha.

Amma abin da ya sa nake wannan rubutu ya faru ne a wani miƙaƙƙen wuri kafin hawan ƙarshe. 'Yata ta yi gaba tana ɗaukar hoton tsuntsaye, ya rage daga ni sai shi, kafaɗa da kafaɗa, kowa idonsa a kan hanya. Ba tambayarsa na yi ba. Haka kawai ya ce, "Baba, aikin nan ya ishe ni." Sai magana ta ɓalle. Wata shida ke nan ba ya samun barcin kirki, wanda ke sama da shi a wurin aiki ya sa shi gaba, yana tunanin ajiyewa amma yana tsoron halin da iyali za su shiga. A cikin wata shidan nan sau biyu na kwana a gidansa, muna zaune gaba da gaba, bai ce uffan ba.

Na yi ta juya abin daga baya. A falo, ɗa yana fuskantar mahaifinsa ido cikin ido, ga nauyi, ga mutane na shiga da fita. A hanya kuwa babu mai kallon wani, in magana ta yi nauyi sai a yi shiru, takun ƙafa ya cike gurbin, ba wanda zai ji an takura shi. Shawara ta zo mini har bakina, iri uku ma, na haɗiye. Abin da na ce kawai shi ne, "Kai me zuciyarka ta fi kwanciya da shi?" Ya yi magana har muka kai ƙololuwa. Wannan haɗiyewa ta fi hawan dutsen wuya a gare ni, kuma ita ce abin da na fi godiya da na iya yi a ranar.

Saukowa ce ta gwada ni. Na ɗauka hawa ne wahala, ashe gangara ta fi cin gwiwa, domin kowane taku gwiwa ce ke tare nauyin jiki kada ya rufta gaba. Sandar da na ƙi karɓa da safe, yanzu da hannu biyu na karɓe ta. A wani wuri mai tsakuwa da santsi, ɗana ya sauka ƙasa da ni taku ɗaya, ya juya baya ya ce, "Baba, dafa kafaɗata." Na dafa. Faɗinta da ƙarfinta suka ba ni mamaki. Haka muka sauko, yana taka wuri ya gwada kafin in sa ƙafa.

Da na koma gida na fara shiri don ziyara ta gaba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ita ce babban mutum ya samu motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, wanda ya kai 65 kuma ya haɗa da atisayen daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku a mako saboda gudun faɗuwa. Ina tafiyar rabin awa kwana biyar, ina tsayuwa da ƙafa ɗaya ina dafe da bango. Yanzu kuma kafin in je ina kiran su tun da wuri, in tambayi ranar da suke da sarari, in bar musu zaɓin wuri. Ba kullum dutse ba. Wani zuwan bakin ruwa kawai muka je muka zauna awa ɗaya.

A watan Disamba, a wurin 'yata, mun fita da yamma nesa da fitilun gari, har da jikata mai shekara bakwai. Na ce kowa ya kashe waya, domin ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu. Na nuna wa yarinyar Zara a yamma tana ƙyalli, uwarta ta ƙara da cewa ba tauraruwa ba ce, duniya ce mai kewaya rana kamar tamu. Sannan na juya da ita gabas, na kama ɗan yatsanta na ɗaga shi zuwa wani ɗan cincirindon taurari. Na ce ga Kaza da 'Ya'yanta, ƙirga mini. Ta ƙirga shida. Uwarta ta matso ta jingina da ni, ta ce, "Baba, ni ma nuna mini, na manta inda suke."