Daga Jidda zuwa Ɗa'ifa da sabon faifan Rolling Stones

Tafiyar da muka yi zuwa Ɗa'ifa a ƙarshen watan Oktoban 2023 ba don kiɗa aka shirya ta ba. Kawuna, wanda yake zaune a Jidda tun ƙarshen shekarun 1970 yana aikin wutar lantarki har ya ajiye aiki, ya saba hawa dutse duk lokacin da zafi da gumin bakin teku suka ishe shi, kuma tun da idonsa ya fara rauni ni nake tuƙa shi. A wannan karon ya gayyato amininsa, wani dattijo Bahaushen Sudan, haifaffen Mai Wurno da ya tashi a Omdurman, wanda nake kira Baba, su kuwa ba sa kiran juna da komai sai Alhaji.

Dattawan nan biyu tsofaffin masoyan Rolling Stones ne, ƙungiyar mawaƙan rok ta Ingila da aka kafa a Landan a 1962. Baba ya fara jin su a rediyo yana saurayi, a zamanin da duk ƙungiyar da ke kaɗa gita da busa ƙaho a Khartoum ake ce mata ta jaz. Kawu kuma ya san su ta kaset-kaset na kwafi da ya riƙa saye a shagunan Balad, tsohuwar unguwar Jidda, da kuɗin aikinsa na farko. A ranar 20 ga watan ƙungiyar ta fitar da faifai mai suna Hackney Diamonds, wanda shi ne na farko mai ɗauke da sababbin waƙoƙinta tun 2005. Kawu ya hana ni kunna masa ko da gutsure a waya, domin a wajensa faifai daga farko ake saurarensa zuwa ƙarshe, kuma a cikin mota.

Mun bar Jidda da hantsi ta babbar hanyar Makka. Waƙar farko ta buɗe da gita mai kaifi, Baba ya yi murmushi daga kujerar baya, amma Kawu bai ce uffan ba sai da aka kusa rabi, sannan ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, wannan hannun ba na Charlie ba ne." Yana nufin Charlie Watts, makaɗin gangar ƙungiyar tun 1963, wanda ya rasu a watan Agustan 2021 yana da shekara 80. Wanda ya gaje shi Ba'amurke ne mai suna Steve Jordan, gwani ne da babu mai musu a kansa, sai dai yana dukan ganga da ƙarfi kuma a daidai kan lokaci. Kawu ya sa na dakatar da waƙar, ya ɗora yatsunsa biyu a gaban mota yana nuna mini yadda marigayin yake yi: hannun dama yana tafiya tik, tik, tik, sai ya ɗage shi a daidai lokacin da na hagu zai sauka, kuma saukar takan ɗan makara kaɗan, ba har ta ɓata kiɗan ba. Wannan 'yar makarar, in ji shi, ita ce ta sa waƙoƙinsu na da suke rangaji, kuma zai gane ta ko da daga barci aka tashe shi.

Gardama ta biyu a kan murya aka yi ta. Mick Jagger, babban mawaƙin ƙungiyar, ya cika shekara 80 a watan Yulin shekarar, an kuma yi masa aikin zuciya a 2019, amma muryar da ke fitowa daga lasifika ba ta da ko alamar rawa. Baba ya ɗauki hakan a matsayin ladan kula da jiki. Kawu ya ce aikin kwamfuta ne, ya ɗora laifin a kan furodusan faifan, Andrew Watt, wanda aka haifa a 1990, wato lokacin da ƙungiyar ta riga ta kusa shekara talatin tana waƙa. Baba ya amsa masa da cewa kunnensa ne ya saba da shuuu ɗin tsohon kaset, har ya zama duk sautin da ya fito tas yana zarginsa da ha'inci. Ni dai a nan na fi karkata ga Kawu, domin an tsara sautin ne ta yadda kowane abin kiɗa yake gaba kuma da ƙarfi ɗaya, babu na nesa babu na kusa, kuma bayan waƙa uku ko huɗu kunne yakan fara gajiya. Waƙa ta huɗu ce kawai ta ɗan raba su da musu, da na gaya musu cewa Paul McCartney na Beatles ne yake kaɗa gitar bas a cikinta yana da shekara 80. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce a ƙuruciyarsu an yi ɓacin rai tsakanin abokai a kan wace ce ta fi a cikin ƙungiyoyin biyu, ga shi masu abin sun haɗu a situdiyo ɗaya.

Da muka iso shingen Shumaisi, inda ake shiga iyakar Harami, Baba ya taɓa kafaɗata ya ce, "Ɗana, kashe mana." Na kashe. Babu wanda ya sake maganar waƙa har muka kewaye Makka, muka wuce ta gefen Arfa, muka nufi gindin dutse. Na san akwai masu karatu da za su ce kiɗan da ma bai kamata a kunna shi ba ko a wajen Harami, kuma ba zan yi jayayya da malamai a nan ba. Abin da na gani kawai nake faɗa, kuma mutanen nan biyu ba a rasa su a sahun gaba a masallacin unguwarsu.

A Kar, inda hanyar Hada take fara hawa, na ci gaba daga waƙa ta bakwai. Tana da bugu irin na rawa, kuma tun kafin ta yi nisa Kawu ya yanke mata hukunci, ya ce ga irin ɓarnar da sabon makaɗin ya kawo, an mayar da ƙungiyar ta gidan disko. Na yi shiru har ta ƙare, sannan na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, wannan Charlie ne." Waƙoƙi biyu a faifan, ta bakwai da ta takwas, an ɗauki gangarsu ne a 2019 yana raye, kuma a ta takwas ɗin har da Bill Wyman, tsohon mai gitar bas da ya bar ƙungiyar a 1993. Baba ya ƙyalƙyace da dariya yana tafa hannu, yana cewa, "Alhaji, ashe barcin bai sake ka ba." Kawu ya ce a mayar da ita, ya saurara da kai a sunkuye, ya ce lalle shi ne, amma yaron nan furodusa ya binne shi a ƙarƙashin ƙara. Akwai ƙamshin gaskiya a uzurin, sai dai abin ya nuna mini cewa tun daga Jidda ba faifan kaɗai Kawu yake saurare ba, yana auna kowace waƙa ne da kaset ɗin da ke cikin kansa, wanda ya ji shi yana da shekara ashirin da 'yan kai, kuma babu sabon aikin da zai yi nasara a irin wannan awo a jin farko.

Hanyar Hada ba ta son direba mai raba hankali. Tana lanƙwasa hagu da dama a jikin dutse, kunne yana toshewa saboda tsawo, gwaggon birai suna zaune a kan katangar gefen titi suna jiran wanda zai jefa musu ayaba, motocin igiya kuma suna wucewa ta sama tsakanin Hada da Kar. A cikin wannan hawan waƙa ta goma sha ɗaya ta same mu, mai tsawon fiye da minti bakwai, wadda aka gina kan salon waƙoƙin cocin baƙaƙen fatar Amurka, Stevie Wonder yana kan fiyano, Lady Gaga tana amsa wa Jagger. Baba ya ce wannan ita ce zuciyar faifan, domin a nan ne kaɗai ya ji mutane suna wasa tare a ɗaki ɗaya suna kallon juna. Kawu ya yarda da fiyanon, amma ya ce yarinyar ta cika ihu.

Ta ƙarshe ce ta haɗa kansu. Tsohuwar waƙar Muddy Waters ce, mawaƙin salon kiɗan bulus ɗan Misisifi ta Amurka, wadda daga sunanta ƙungiyar ta samo nata, kuma babu kowa a cikinta sai Keith Richards da gita, da Jagger da murya da harmonika. Richards da kansa ya faɗa cewa ciwon gaɓoɓi ya sauya yadda yake kaɗawa, kuma a nan ana jin nauyin yatsun, ana jin kuma tsufan muryar da sauran waƙoƙin suka ɓoye. Baba ya tuna mana cewa faifan Muddy Waters na cikin waɗanda Jagger yake riƙe da su ranar da suka haɗu da Richards a tashar jirgin ƙasa ta Dartford a 1961, ya ƙara da cewa a babban wasansu na Hyde Park a 1969 wani ɗan Najeriya, Ginger Johnson, ya hau dandali da makaɗansa. A ganinsa Turawan nan ba su taɓa ɓoye inda suka ɗebo ruwa ba, shi ya sa yake girmama su.

Mun shiga Ɗa'ifa bayan azahar, iska tana kaɗawa da sanyin da mutumin Jidda yake mantawa da akwai irinsa, domin garin yana sama da teku da wajen mita 1,800. Muka yi salla, muka zauna kan tire na salik, shinkafar nan da ake dafawa da madara da romon kaza, aka ci gaba da shari'ar. Baba ya ce rabon da su yi faifai mai kyan wannan tun 1981. Kawu ya ƙi amincewa, iyakar abin da ya bayar shi ne ya fi na 2005, kuma da an rage waƙoƙi uku an bar sautin ya sha iska da ya fi haka.

Da la'asar muka sayi rumman a bakin hanya muka juyo ta hanyar Sail, wadda ta fi tsawo amma ba ta da lanƙwasa kamar ta Hada. Ina tayar da mota Kawu ya ce in sake kunnawa kafin mu kai mikati, amma in fara daga ta bakwai, Alhaji kuma ya yi masa shiru har ta takwas ta ƙare.